FILIN MATA: Finafinan Umaru Ganda Guda Huɗu, Wanne Ne Gaba?

 

Makon jiya mun yi magana a kan adana hatsi. Yau kuwa za mu ɗan huta da zancen rumbu, mu juya wajen abin da ya ke cinye mana dare, watau kallo. Kowace daga cikinmu ta san yadda a ke yi in an gama tuwon dare: a taru a kan tabarma, a sa waya a tsakiya, ko a kunna talabijin in akwai wuta, a yi ta kallo har barci ya kwashe yara. In an gama sai gardama ta tashi. Wannan ta ce fim ɗin ya yi kyau don amarya ta sha lalle da leshi, waccan ta ce bai yi ba don ba waƙa a ciki. To, ashe haka a ke auna fim? Wadda ta je kasuwa sayen gero ba ta auna na wannan da mudu, na wancan da tafin hannu. Mudu ɗaya ta ke riƙewa ta bi kowa da shi. Abin da na ke so mu koya yau ke nan, kuma za mu koye shi a kan aikin mutum ɗaya, domin in kina so ki san hannun mai tuwo, sai ki ci tuwonta fiye da sau ɗaya.

Mutumin da na zaɓa maƙwabcinmu ne, ɗan ƙasar Nijar, sunansa Umaru Ganda, ko da ya ke a takardun Faransanci Oumarou Ganda a ke rubutawa. Watakila wata ta ce, don me ba a ɗauko na Kano ba? Dalili shi ne, fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da a ke ambata, watau Turmin Danya, a 1990 ya fito a Kano, alhali kuwa shi Umaru ya fara nasa tun 1968, ya kuma rasu tun 1981. Shi na gaba ne, kuma abubuwan da ya taɓa, auren tilas da kishi da bin bokaye da ɓarnar kuɗin ci-rani, duk suna nan cikin gidajenmu har gobe.

WANE NE SHI?

An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana da shekara 16 ya shiga sojan Faransa, gama a lokacin Nijar tana hannun Faransawa, aka kwashe su zuwa yaƙin Indocina, can wajen ƙasar da a ke kira Biyetnam yanzu. Faransa ta sha kashi a yaƙin nan a 1954. Umaru ya komo gida bai sami aikin yi ba, sai ya tafi ci-rani Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, ya zama ɗan dako a bakin tashar jiragen ruwa. A can ne ya gamu da wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, wanda ya ke binciken zaman 'yan ci-ranin Nijar. Baturen ya sa shi ya zama babban ɗan wasa cikin fim ɗinsa mai suna Moi, un noir, watau "Ni, baƙin mutum", wanda ya fito a 1958 ya kuma ci lambar girma a Faransa.

Daga nan Umaru ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar samari masu koyon aikin sinima a gidan al'adu na Faransa da Nijar. Nan ya koyi riƙon na'ura, ya tashi daga wanda a ke ɗauka ya zama mai ɗauka da ba da umurni. Manyan finafinansa na labari guda huɗu ne: Cabascabo na 1968, da Le Wazzou polygame na 1970, da Saïtane na 1972, da L'Exilé na 1980. Sunayen da Faransanci a ke rubuta su, amma mutanen ciki irin namu ne, da rawani da zane da tabarma da turmi, in kin gan su sai ki ce mutanen Damagaram ne suka zo cin kasuwar Maigatari.

MUDUN DA ZA MU AUNA DA SHI

Tambayoyi huɗu za mu yi wa kowane fim. Ta fari, shin abin da ya nuna yana faruwa a zaman duniya, ko kuwa mafarki ne? Ta biyu, labarin ya ɗauru daga farko har ƙarshe, ko ya warware a tsakiya kamar saƙar koyo? Ta uku, in an gama kallo, mai kallo za ta duba kanta, ko kuwa maƙwabciyarta kaɗai za ta nuna da yatsa? Ta huɗu, wadda ta fi shafar wannan fili namu, ina aka ajiye mace a ciki: mutum ce mai zuciya da hankali, ko kuwa kaya ce da a ke miƙawa daga hannu zuwa hannu? Ku riƙe waɗannan huɗu. Za mu faro daga na baya mu hau zuwa na gaba, yadda malama ta ke kiran sakamakon jarrabawa.

NA HUƊU: SAÏTANE, 1972

Sunan nan ba baƙo ba ne a kunnenmu, Shaiɗan ke nan. Labarin wani mutum ne a ƙauye wanda jama'a suka ɗauka masani ne mai ba da taimako, suna kai masa kukansu da asirinsu da kuɗinsu. Ashe a ɓoye kawali ne, shi ya ke shiga tsakanin wata matar aure da wani mai dukiya da ya ke nemanta. Rigar mutunci da ya sa ita ce ta ba shi hanyar shiga inda wani namiji ba ya shiga.

A tambaya ta fari fim ɗin nan ya ci. Wace ce a cikinmu ba ta san matar da ta sayar da akuyarta, ko ta kwashe ribar ƙuli-ƙulinta ta shekara, ta kai wa wani don a karkato mata da zuciyar miji, ko a kori kishiya? Kuma mu lura, Umaru bai taɓa malaman kirki masu karantar da yara da gyara tsakanin mutane ba. Wanda ya tona shi ne mai cin abinci da sunan malanta. Yin haka a 1972, a ƙasar da a ke jin tsoron irin waɗannan mutane, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

To, me ya sa na ajiye shi a baya? Saboda tambaya ta uku. Mugun cikin labarin a fili ya ke, sunan fim ɗin ma ya riga ya gaya miki inda za ki tofa yawu. In an gama sai kowa ta kaɗe zanenta ta ce, "Allah Ya raba mu da irin wannan," ta tafi ta kwanta da zuciya fara, ba ta tambayi kanta wa ya ke ciyar da irin waɗannan mutane ba. Alhali kuwa mayaudari ba ya ƙiba sai da masu kai masa. Fim ne mai amfani, amma bulalarsa ta fi sauka a bayan mutum ɗaya.

NA UKU: L'EXILÉ, 1980

Ma'anar sunan ita ce wanda ya ke zaman gudun hijira. Shi ne na ƙarshe cikin aikinsa, shi ne kuma mafi tsawo, wajen awa ɗaya da rabi. An buɗe shi da wani jakada da ya rabu da ƙasarsa yana zaune a Turai, yana ba abokan hirarsa labarin mutanen da, don ya nuna musu nauyin magana a wurin kakanninmu. Labarin kuwa shi ne, wani sarki ya ji waɗansu samari biyu, wa da ƙane, suna hira suna cewa in da za a ba su 'ya'yan sarki, sun yarda a fille musu kai. Sarki ya riƙe maganar, ya aura musu 'ya'yansa. Da wa'adi ya cika ya ce a biya. Ɗaya ya ba da wuyansa. Ɗayan ya gudu da matarsa, ya sha yawon duniya da wahala iri iri, har ya zama sarki a wata ƙasa, amma daga ƙarshe shi ma sai da ya ba da ransa don cika alkawari.

Ga wadda ta tashi tana jin tatsuniya a gindin kakarta, wannan fim zai yi mata daɗi ƙwarai. A nan ne hannun Umaru ya fi faɗi: ga fada, ga tufafin sarauta, ga tafiya mai nisa. Darasinsa kuma babba ne. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, alkawari kuwa kaya ne. Ke 'yar makaranta da ki ke ce wa ƙawarki "wallahi gobe zan maido miki da littafinki" alhali kin san ba ki da niyya, da ke uwargida da ki ka shiga adashi ki ka kwashi naki sa'an nan ki ka fara ɓuya ranar zubi, duk da ku a ke.

Amma a tambaya ta fari da ta huɗu ya rage mudu. Duniyar sarakunan tatsuniya ce, ba wadda za ta ga ɗakinta a ciki. Sa'an nan ku duba 'ya'yan sarkin nan. Samari biyu sun yi suɓutar baki, uba ya ji, sai aka ɗauki 'yan mata biyu aka miƙa don a gwada maganar maza. Hankalin labarin yana kan wuyan samarin, ba ya kan zuciyar matan da za a mayar gwauraye. Don haka na ba shi na uku, ko da ya ke na san akwai masana da za su kai shi gaba saboda girman aikinsa.

NA BIYU: CABASCABO, 1968

Wannan shi ne na farinsa, baƙi da fari ne, bai kai awa guda ba, kuma shi Umaru da kansa ya fito a matsayin Cabascabo. Soja ne ya komo gida daga yaƙin Indocina da kuɗin sallama a aljihu. 'Yan'uwa da abokai suka tarye shi da murna, kowa yana so ya zauna kusa da shi. Yana ba su labarin yaƙi, fim ɗin kuma yana komawa baya yana nuna mana abin da ya gani a can. Ya yi ta kashe kuɗi a kan abokai da matan banza da shaye-shaye. Ran da aljihu ya bushe, sai ya waiwaya bai ga kowa ba. Wanda jiya a ke yi wa kirari, yau ga shi yana neman aikin lebura ana wulakanta shi. Daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi gona. Na duƙe tsohon ciniki.

An nuna fim ɗin nan a babban taron finafinai na garin Cannes a Faransa a 1969, ya kuma sami lambar yabo a taron Mosko a wannan shekara. Amma ba don Turawa sun yaba na kai shi na biyu ba. Na kai shi ne don a tambaya ta fari ba wanda ya kama ƙafarsa. Mutumin da ya shirya shi ya sa kakin nan da kansa, ya komo ya rasa aiki da kansa, ya ɗauki buhu a kansa a Abijan. Shekara 10 kafin wannan ya ba da labarin yaƙin nan a cikin fim ɗin Bature, a gaban na'urar wani. A Cabascabo kuwa shi ke da labari, shi ke da umurni. Gani ya kori ji.

Kuma labarin namu ne. Tsofaffinmu sun san mutanen Arewa da Ingila ta kwasa zuwa yaƙin Bama a zamanin yaƙin duniya na biyu, waɗanda suka komo bayan 1945, waɗansu suka kafa gida da abin da suka samo, waɗansu kuwa ya bi ruwa. Yau ba kaki a ke sawa ba, amma tafiyar tana nan. Da an gama girbi samarinmu sai su nufi Kano da Legas da Fatakwal, balle a shekarun da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta hana noma da su, ko ambaliya ta cinye gona. Wani ya komo ya sayi injin ban-ruwa ko saniya ko kwalekwale. Wani kuwa ya komo da sabuwar waya da takalmi da abokai goma a bayansa, kafin damina ta faɗi yana neman rancen iri. Uwargida, in ɗanki ko ƙanenki ko maigida ya komo da ɗan abin hannu, makon farko shi ne makon magana, da lallashi da dabara, tun ƙudaje ba su ji ƙanshi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya hana shi zama na ɗaya shi ne tambaya ta huɗu. Labarin namiji ne tsantsa. Mace a cikinsa tana gefen hanya ne, tana cikin abubuwan da suka cinye kuɗin soja. Hankalin fim ɗin bai tsaya a kan wadda ta zauna a gida tana jira ba, alhali kowace tafiyar namiji akwai macen da ta biya rabin kuɗinta da haƙuri.

NA ƊAYA: LE WAZZOU POLYGAME, 1970

Kalmar Wazzou ita ce wa'azi a bakin Zabarmawa, polygame kuwa mai mata fiye da ɗaya. Ga labarin. Wani mai hali ya komo daga Makka, ana ce masa Alhaji, yana da mata biyu. Sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya, Satu, wadda an riga an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Alhaji yana da kuɗi da suna, Garba ba shi da kome sai alkawari. Aka ba Alhaji. Garba ya bar ƙauye ya shiga birni da baƙin ciki. Matar Alhaji ta biyu, Gaika, ta ce ba za ta zauna da wannan amarya ba, ta ƙulla a ranta za ta kashe ta da dare. Cikin duhu ta yi kuskure, ta kashe ƙawar amarya.

Ku tsaya a nan ku yi tunani, domin wannan wurin shi ya sa na ba fim ɗin nan na ɗaya. Wa ya mutu? Ba Alhaji ba, wanda ya shiga neman aure cikin neman wani. Ba waɗanda suka karɓi dukiya suka tashi alkawari ba. Ba Gaika ba, ba ma Satu ba. Wadda ta mutu yarinya ce da ta zo taya ƙawarta kwana, 'yar wasu, wadda ba a yi shawara da ita ba, ba ta ci ko ƙwandala a ciki ba. Ba ta ci nanin ba, nanin ta ci ta. Da Umaru ƙaramin mai shiri ne, da sai ya sa mugu ya mutu, mu tafa mu watse. Amma ya san yadda zalunci ya ke a zaman duniya: in aka kunna wuta a ɗaki ɗaya, ba ta tambayar ɗakin wa ke kusa.

A tambaya ta biyu, labarin a ɗaure ya ke tam, kowane abu shi ya haifi na bayansa: kuɗi ya karya alkawari, karya alkawari ya kawo amaryar da ba ta so, zuwanta ya tayar da kishi, kishi ya zubar da jini. Ba za ki cire ko ɗaya ba sai sauran su zube. A tambaya ta uku kuwa, ba wadda za ta tashi da zuciya fara. Uwar da ta taɓa cewa "ai mai kuɗi ne, za ta saba," za ta ga kanta. Gwaggon da ta kai goro ta yi guɗa alhali ta ga idon yarinya ya kumbura da kuka, za ta ga kanta. Wadda kishi ya taɓa kai ta ga tunanin da ba ta iya faɗa wa kowa, ita ma za ta ga kanta. A tambaya ta huɗu, a nan ne kaɗai cikin huɗun mata suka zama su ne tsakiyar labari, ko da ya ke tsakiyar wuta ce.

Kada wata ta ce fim ɗin nan zagin aikin hajji ne ko zagin auren mace fiye da ɗaya. Ba haka ba ne. Addininmu da kansa ya hana mutum ya shiga neman aure a kan neman ɗan'uwansa, ya yi umurni a nemi yardar yarinya, ya kuma ɗora wa mai ƙara aure sharaɗin adalci. Abin da fim ɗin ya tona shi ne mutumin da ya ɗauki sunan ibada ya mai da shi sandan ƙwace. Ita ma Gaika ba a wanke ta ba. An ce kishi kumallon mata, amma kumallo amai a ke yi a huta, ba a kashe rai a kansa. Wadda aka yi wa ba daidai ba tana da iyaye da waliyyai da alƙali, hanyoyi suna nan ba sai ta ɗauki makami ba.

A 1972, a taron finafinan Afirka na birnin Wagadugu da a ke kira FESPACO, wanda aka fara a 1969, aka soma ba da babbar lamba, kuma wannan fim shi ya fara cin ta. Lambar nan sunan mace ta ke ɗauke da shi, Yennenga, 'yar sarki mahayiyar doki wadda Mosawa su ke ɗauka uwar kakanninsu, kamar dai yadda mu ke ambaton Sarauniya Amina ta Zazzau. Ya dace ƙwarai da fim a kan kukan mata ya zama shi ne farkon ɗaukarta.

WADDA TA BIYA KUƊIN WASAN

Ba zan rufe ba sai na ambaci wata mace, Zalika Souley, wadda aka haifa a Yamai a 1947 ta rasu a 2021. Tana cikin matan farko da suka yi sana'ar wasan fim a wannan yanki namu, ta kuma fito a Cabascabo da Wazzou da Saïtane. Sau da yawa matsayin mace marar kirki a ke ba ta, mutanen gari kuwa suka kasa rarrabe wasa da gaskiya, suka riƙa zaginta da halin da ba nata ba. Wata 'yar ƙasarsu, Rahmatou Keïta, ta shirya fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004. Ƙannena, wannan ma darasi ne. Wadda ta fito a muguwar kishiya aiki aka ba ta, kamar yadda malama ta kan sa ɗaya daga cikinku ta zama kura a wasan makaranta. In ta sa kin ji haushi, to ta iya aikinta ke nan. Ku yi hukunci a kan labari, ku bar mutuncin 'yar mutane.

Shi kuwa Umaru Ganda ya rasu ran 1 ga Janairu, 1981, yana da shekara 45. An sa wa babban gidan al'adu na Yamai sunansa, kuma a taron Wagadugu akwai lamba mai sunansa da a ke ba wanda ya yi fice da dogon fim ɗinsa na fari. Ɗan dako ke nan wanda ya tashi daga bakin jirgi.

To, ga jerin nawa: Wazzou na ɗaya, Cabascabo na biyu, L'Exilé na uku, Saïtane na huɗu. Ba dole ne ku yarda da ni ba. Mai son tatsuniya za ta ɗaga L'Exilé, wadda ɗanta ya ke Legas za ta ce Cabascabo ne nata. Abin da na ke roƙo shi ne, kowace ta kawo dalili, kada ta tsaya a kan "ya yi mini daɗi" kurum.

Ga aikin gida. 'Yan makaranta, ku zaɓi mai shirya fim ɗaya daga cikin na Kano wanda ku ka ga aikinsa uku ko huɗu. Sunansa yana fitowa a rubuce a farkon fim ko a ƙarshe, inda mu kan tashi mu tafi wanke kwano, to wannan karon ku zauna ku karanta. Ku auna finafinansa da tambayoyin nan huɗu, ku jera su, ku rubuto wa wannan fili da hannu mai kyau. Ku kuma iyayena, in kuna kallo da 'ya'yanku mata aka zo wurin da aka ba da yarinya ba da sonta ba, ku dakatar da wayar ku tambaye su abin da suka gani, ku kuma saurari amsar har ƙarshe. Sau da yawa yarinya ta kan faɗi a kan Satu abin da kunya ba ta barinta ta faɗa a kan kanta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu yi magana a kan zazzaɓin damina da gidan sauro. Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, Ya shirya mana zuriya. Haza wasalam.